Yadda Ake Ziyartar Tsohon Filin Sukuwa Don Yawon Buɗe Ido

Tseren Kentucky Derby da duniya ke ta zancensa minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Secretariat, dokin da har yau ba a karya tarihin gudunsa a tseren ba, bai ma cika minti biyun ba a 1973. Ke nan duk wanda ya nemi biza, ya hau jirgi, ya kama otal saboda tseren kaɗai, kallon minti biyu ya je yi, kuma da wuya bai yi shi ta bayan ƙeyar wani ba. Abin da ya cancanci wahalar tafiya yana kewaye da waɗannan mintoci ne: kilisar da ake yi wa dawaki da sassafe, da barga, da da'irar da ake zagayawa da su kafin a hau, da ita kanta ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana sukuwa a kanta. Ga yadda za ka tsara ziyarar don ka ga waɗannan.

Mataki na farko: zaɓi filin da ya dace da abin da kake son gani

Tsofaffin filayen sukuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma tsufa kaɗai ba ya sa wuri ya yi daɗin ziyara. Akwai filin da ya shekara ɗari uku amma an rushe rumfunansa an gina sababbi na ƙarfe da gilashi. Akwai kuma wanda bai kai haka ba, amma tsohuwar rumfarsa ta katako tana nan daram.

In tsufa zalla kake nema, ka nufi Chester a arewa maso yammacin Ingila. Tun 1539 ake tsere a can, zamanin Sarki Henry na takwas, kuma babu filin da ya kai shi daɗewa yana aiki a ƙasar. A zamanin Rumawa tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Dee, da yashi ya cike ta sai ta zama fadama, daga baya aka mai da ita filin sukuwa. Ƙarami ne, zagayensa bai kai kilomita 2 ba, kuma kusan duk kwana ne, saboda haka dawaki ba sa ɓace wa idonka daga tashi har ƙarewa. Ganuwar garin tana bisa filin, mutane kan tsaya a kanta su sha kallo ba tare da sun shiga ba.

In kuwa harkar doki gaba ɗayanta kake son fahimta, babu kamar Newmarket, kusa da Cambridge. Gari ne sukutum na dawaki: kimanin 3,000 ake horarwa a cikinsa, suna da hanyoyinsu daban a gefen titi, mota ce ke tsayawa ta ba su wuri. Sarki Charles na biyu ya ƙaunaci wurin har ya hau doki da kansa ya ci tsere a 1671. Filaye biyu ne a can. Ana amfani da Rowley Mile a farkon lokacin tsere da ƙarshensa, a tsakiyar shekara kuma a koma July Course. A garin akwai gidan tarihin tseren dawaki na ƙasa, da gonar kiwon ingarmu da ke karɓar baƙi, da Tattersalls, gidan gwanjon dawaki da aka kafa tun 1766, wanda har yanzu yake faɗin farashi da tsohon kuɗin Ingila da ake kira guinea.

Ascot na masu son ganin sarauta da ado ne. Sarauniya Anne ce ta kafa shi a 1711, ba nisa da fadar Windsor, sai dai babbar rumfarsa ta yanzu ginin 2006 ce. A Epsom ake yin Derby na asali tun 1780, wanda sauran duniya suka ari sunansa. Aintree na Liverpool gidan Grand National ne tun 1839, tseren tsallake shinge mai tsawon kusan kilomita 7 da tsalle 30.

A Faransa ni dai Chantilly nake fifitawa a kan Longchamp, duk da cewa Longchamp, wanda aka buɗe a 1857 a dajin Boulogne na Paris, shi ke da babban tseren Arc. Dalilina shi ne bargar Chantilly. An fara gina ta a 1719, tsawonta mita 186, kuma baƙo da yawa kan ɗauka ita ce fadar garin. Ana ba da labarin cewa yariman da ya sa a gina ta ya yi imanin zai dawo duniya a matsayin doki, shi ya sa ya tanadi masauki tun da wuri. Yanzu gidan tarihin doki ne, filin sukuwar da aka buɗe a 1834 kuma yana shimfiɗe a gabanta. Daga tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord a Paris tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.

A Amurka biyu ne suka yi fice: Churchill Downs a birnin Louisville na jihar Kentucky, da aka buɗe a 1875, mai tagwayen hasumiyoyin nan da aka ɗora a 1895, sai Saratoga a jihar New York, inda aka fara tsere a 1863. Can kudu akwai Flemington a Melbourne ta Ostireliya, inda ake sukuwa tun 1840, da Champ de Mars a tsibirin Moris da ke tekun Indiya, wanda aka kafa a 1812, kuma a cikinsa aka ɗaga tutar 'yancin kan ƙasar a 1968. Happy Valley na Hong Kong ya fara a 1846, yau dogayen benaye sun yi masa zobe, ana tsere cikin hasken fitilu a daren Laraba.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ina ba shi shawarar ya fara da Newmarket, ko Chantilly, ko Saratoga. Su ne wuraren da doki ke kwana ya tashi a nan, ba a mota ake kawo shi ranar tsere a mayar da shi da yamma ba.

Mataki na biyu: zaɓi rana, kuma a nan mutane suka fi tafka kuskure

Kowa babbar rana yake so: Kentucky Derby a Asabar ɗin farko ta Mayu, Derby na Epsom a farkon Yuni, Royal Ascot na kwana biyar a Yuni, Arc a Lahadin farko ta Oktoba, Kofin Melbourne a Talatar farko ta Nuwamba. Ranaku ne na gani na faɗa, babu musu. Amma ranar Derby mutum kimanin 150,000 kan cika Churchill Downs, a 2015 ma sun haura 170,000. A irin wannan rana otal ya yi tsada, tikitin kirki ya ƙare tun watanni, duk inda ka so leƙawa an sa mai gadi, ga layi a ko'ina. Taro za ka gani, filin kuwa sai dai ka hango shi.

Abin da ya fi shi ne ka raba ziyarar gida biyu. Ka ware safiya ɗaya, ko yini guda da ba a tsere, don kilisa da gidan tarihi da zagayen ɗan jagora. Sannan ka ware ranar tsere ta yau da kullum, musamman a tsakiyar mako, inda za ka iya tsayawa jikin shinge ba wanda ya ture ka. Fili ɗaya ne, ciyawa ɗaya, sau da yawa ma mahayan su ne dai na babbar ranar. In ka nace sai ka ɗanɗani hayaniya, nemi ranar da ta gabaci babban tseren a makonsa.

Ka duba kalandar filin a shafinsa na intanet kafin ka sayi tikitin jirgi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Filaye da yawa ba sa aiki duk shekara. Saratoga daga Yuli ne zuwa farkon Satumba. A Birtaniya tseren fili a kan ciyawa yana kamawa daga ƙarshen Maris zuwa farkon Nuwamba, na tsallake shinge kuma ya fi ƙarfi a watannin sanyi. Hong Kong kan tafi hutu daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba. Sannan tsohon gini ba ya rabuwa da gyara. An kai Royal Ascot birnin York a 2005 saboda aikin rumfa, an yi Arc a Chantilly a 2016 da 2017 lokacin da ake sake gina Longchamp, tseren Belmont ma Saratoga aka kai shi a 2024 da 2025. Tseren na iya nan, filin da kake son gani kuma yana rufe.

Mataki na uku: tikiti da sutura

A shafin filin kansa za ka sayi tikiti, ka guji 'yan bumburutu a bakin ƙofa. Kusan ko'ina an kasa wurin 'yan kallo kashi-kashi. Akwai sashen manya, wanda yake daidai layin ƙarshe, akwai na tsakiya, akwai na talakawa can gefe ko a tsakiyar fili. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya: shin wannan tikiti yana kai mutum da'irar da ake zagayawa da dawaki? In ba ya kaiwa, ƙara kuɗi ka sayi na sama da shi. In yana kaiwa, ya wadatar, ba sai ka biya kuɗin ɗakin gilashi mai teburin abinci ba, inda za ka ƙare da kallon tseren a talabijin.

Zagayen ɗan jagora tikitinsa daban ne, kuma mutanen da ake ɗauka ba su da yawa, musamman na shiga wajen barguna. Shi za ka fara kamawa.

Batun sutura, a ranar yau da kullum kaya masu tsabta da kamala sun isa. A manyan ranaku ne ake da doka. Sashen sarauta na Royal Ascot sai maza sun sa doguwar kwat da doguwar malfa, mata kuma sai da hula, ga ƙa'idar tsawon riga. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne Ascot ya yarda wanda ya zo daga wata ƙasa ya sa cikakkiyar suturar ƙasarsa ta alfarma, don haka ba dole ne ka yi hayar kwat ba. Ko ina za ka, karanta dokar sashen da ka saya, domin ana mayar da mutum daga ƙofa. Takalmi kuwa, yini za ka yi kana tafiya a kan ciyawa da matakala. Mai tsinin dunduniya nutsewa yake yi a ƙasa, sabon da bai saba da ƙafa ba kuma kafin tsere na uku ya ja maka ciwo. Ka tafi da rigar ruwa mara nauyi, ta fi laima, don wasu filayen sun hana laima, Churchill Downs na cikinsu a makon Derby. In kana da madubin hangen nesa, kada ka bar shi a otal.

Mataki na huɗu: yi sammako ka ga kilisa

Wannan ne kashin bayan ziyarar, kuma sau da yawa kyauta ne ko kusa da haka. Dokin tsere da sassafe yake aikinsa, kafin rana ta ɗaga an gama an mai da shi barga.

A Newmarket ka tafi tudun Warren Hill da misalin ƙarfe bakwai zuwa tara. Ayari-ayari dawaki ke fitowa daga barguna, su tsallaka titi, su hau tudun da gudu, mai horarwa yana tsaye gefe yana lura da numfashin kowanne. Ka tsaya bayan shinge a gefen hanya. Ba a yarda mai tafiya a ƙasa ya taka filayen horon ba sai bayan ƙarfe ɗaya na rana, kuma dokar ba ta wasa ba ce. Dokin tsere ya kai kilo 450 zuwa 500, yana gudun kilomita 60 a sa'a, ga shi da saurin firgita. Leda ce iska za ta ɗaga, sai ya yi tutsu ya yar da mahayinsa. A Saratoga ana buɗe ƙofa da safe a lokacin tsere, mutane su karya kumallo suna kallon kilisa, akwai kuma filin horo da ake kira Oklahoma a tsallaken titi. A Churchill Downs gidan tarihin Derby, wanda aka buɗe a 1985, shi ke shirya zagayen safe da ke kai baƙi jikin shinge da wajen barguna.

In an shigar da ku barga, ɗan jagora ne shugaba. Kada ka bi ta bayan doki, kada ka miƙa masa abinci, kada ka taɓa shi sai mai kula da shi ya ce ka taɓa. Kashe walƙiyar kyamara, ka sassauta murya. Doki in ya kwantar da kunnuwansa baya, gargaɗi yake yi maka, sai ka ja da baya. Ka yi wa 'yan barga gaisuwa da tambaya cikin ladabi in ka ga hannunsu ba a cike yake ba. Su ke tashi tun duhu, su suka san wane doki ne bai cinye abincinsa ba jiya, kuma abin da za su faɗa maka a minti biyar ba ya cikin kowane allo na gidan tarihi.

Daga nan sai gidan tarihi. Kafin ka shiga, riƙe abu ɗaya a ka, zai buɗe maka sauran: duk dokin tseren da ka gani da safen nan, salsalarsa ta wajen uba tana tuƙewa ga ɗayan ingarmu uku da aka kai Ingila daga gabas tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. Su ne Byerley Turk, da Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda aka saya a Halab ta Siriya a 1704. Mafi yawansu jinin na Halab ɗin ne, ta hanyar Eclipse, wanda aka haifa a 1764 kuma ba a taɓa cin sa ba a tsere 18. Tun 1791 ake rubuta wannan nasaba a littafi, wane ya haifi wane.

In an yarda a taka filin, taka shi. Talabijin na shafe tudu da gangare. Epsom a allo kamar shimfiɗaɗɗe ne, amma da ƙafa za ka ga dawakin Derby suna fara hawan tudu na kusan mita 40, su gangaro su sha kwanar Tattenham, sannan su miƙe a hanyar da ta karkata zuwa shingen ciki. A wannan kwana ce Emily Davison, mai fafutukar 'yancin zaɓe ga mata, ta shiga gaban dokin sarki a 1913, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A Aintree ka nemi kabarin Red Rum, wanda ya ci Grand National a 1973 da 1974 da 1977, an binne shi daidai layin ƙarshe. A Flemington akwai sassaƙen tagulla na Phar Lap, gwarzon dokin 1930. Saratoga kuwa maƙabartar zakaru ake yi masa kirari, don a can aka kayar da Man o' War a 1919, da Secretariat a 1973, da American Pharoah a 2015. A Churchill Downs ka tambayi ɗan jagora labarin Kentucky Derby na farko: Oliver Lewis, baƙar fata, shi ya ci a kan Aristides, kuma 13 daga mahaya 15 na ranar baƙaƙen fata ne.

Mataki na biyar: ranar tsere, isa da wuri ka sayi ɗan littafin

Ka isa sa'a ɗaya da rabi kafin tseren farko. Zagaya ka gane wurare huɗu tun ba a cika ba: da'irar zagayawa, layin ƙarshe, inda ake sauke sirdin wanda ya ci, da hanyar da dawaki ke bi su fita fili. Sai ka sayi ɗan littafin tseren ranar a bakin ƙofa. Da farko zai yi maka kama da lissafi, amma abubuwa kaɗan ne ke da muhimmanci.

Kowane doki yana da lamba, ita ce a jikin ƙyallen sirdinsa. Kusa da ita akwai hoton rigar mahayi. Launin rigar na mai dokin ne, ba na mahayin ba, shi ya sa mahayi ɗaya kan canza riga sau biyar a yini, kuma da launin za ka bi dokinka daga nesa, don lamba ba ta ganuwa. Jerin alƙaluman da ke gefen suna sakamakon tserensa na baya ne, na hannun dama shi ne na kwanan nan: 1 ya ci, 2 ya zo na biyu, 0 bai shiga tara na farko ba. A tseren tsallake shinge F na nufin ya faɗi, P kuma mahayin ya tsayar da shi bai ƙarasa ba. Tazara a Birtaniya da Amurka da mil ake faɗinta da wani ma'auni da suke kira furlong, wanda yake mita 201, takwas ɗinsa ne mil guda. Faransa da Ostireliya da mita suke aiki.

Akwai kuma nauyi. A tsere da yawa ana ƙara wa dokin da ya fi ƙwazo kaya don a daidaita shi da saura, ana zura darma a aljihun ƙyallen sirdi. Ana auna mahayi da sirdinsa kafin tsere, a sake auna shi bayan tsere, kuma sakamako bai tabbata ba sai an sanar an gama awo. Shekarun doki ma da ƙa'idarsu: a ƙasashen arewacin duniya duk dokin tsere ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara ko da wane wata aka haife shi, a Ostireliya kuma 1 ga Agusta. Manyan tseren Derby na 'yan shekara uku ne kawai, doki sau ɗaya yake samun damar a rayuwarsa.

Ka saurari abin da za a faɗa a lasifika game da yanayin ƙasa, ko ta bushe ko ta jiƙe. Wani dokin sai ƙasa ta yi tauri yake tashi, wani kuma sai cikin laka.

Mataki na shida: bi dawaki, kada ka manne wa kujera

Tsere shida zuwa takwas aka saba yi a yini a Turai, Amurka kan fi haka, da tazarar kusan rabin sa'a tsakaninsu. Wannan rabin sa'a tana da tsarinta, kuma wanda ya zauna wuri ɗaya ya yi asarar kashi uku cikin huɗu na kallon.

Minti ashirin kafin tsere ka kasance a da'irar zagayawa, can gaba. 'Yan barga za su shigo suna jan dawaki, su yi ta kewayawa da su a gabanka, wani lokaci tazarar taku biyu. Dubi gashin jiki, ko yana sheƙi. Dubi tafiya: dokin da ƙafarsa ta baya ke sauka daidai ko gaba da sawun ta gaba yana da dogon taku. Dubi kunne da ido, ko hankalinsa a kwance yake. Ɗan gumi a ranar zafi ba komai ba ne, amma wanda farin kumfa ya rufe wuyansa da tsakanin cinyoyinsa, yana fizgar linzami yana rawa, ya fara ƙona ƙarfinsa tun ba a tashi ba. Masu dawaki da masu horarwa suna tsakiyar da'irar, mahaya za su fito su same su a yi ƙus-ƙus na ƙarshe. Sai ka ga ƙanƙantarsu, yawancin mahayan tseren fili ba su wuce kilo 50 zuwa 55 ba. Za a kaɗa ƙararrawa ko a yi kira, mai horarwa ya kama ƙafar mahayi ya ɗaga shi bisa sirdin da bai fi tafin hannu biyu ba, likkafa kuma a ɗage har gwiwa na neman taɓa ƙirji.

Da sun fita, kai ma ka fita. A nan sai ka riƙa canza wuri. Tsere ɗaya ka hau can saman rumfa, daga nan ake ganin dabara: wa ya ja gaba, wa ya laɓe a baya yana tanadin ƙarfi, wa aka toshe wa hanya jikin shinge. Tsere na gaba ka sauko ƙasa, ka tsaya jikin shinge kamar mita 200 kafin layin ƙarshe. Ba za ka san wanda ya ci ba sai an faɗa, amma za ka ji ƙasa na girgiza a tafin ƙafarka, ka ji hucin dawaki da ihun mahaya da junansu, ka ga ɓarɓashin ciyawa na tashi sama. In filin ya yarda, tsere ɗaya kuma ka taka zuwa wurin tashi, inda babu kowa sai ma'aikata, ka ga yadda ake lallaɓa doki mai gardama ya shiga ƙofarsa, wani har sai an rufe masa ido. A tseren tsallake shinge ka tsaya kusa da shinge guda, nan ne za ka san tsayinsa na gaskiya.

Ana gamawa ka yi sauri zuwa inda ake sauke sirdi. Dokin zai shigo jijiyoyi sun fito raɗau, hanci a buɗe, tururi na tashi, ana kwara masa ruwa da bokiti. Ɗan bargar da ke riƙe da shi ya fi kowa murna a wurin, har mai dokin. In ka ji an sanar alƙalai na bincike, ko ana duba hoton layin ƙarshe, dakata, sakamako na iya juyewa. Kafin ka ankara dawakin tsere na gaba sun shiga da'ira.

Mataki na bakwai: abubuwan da ya kamata ka sani tun kafin su same ka

Caca ce ke riƙe da wannan harka a yawancin ƙasashe, kuma za ka ga tagoginta da allunanta ko'ina. Ba wanda zai tilasta maka, ba wanda zai ma lura ba ka yi ba. In kana son abin da zai sa zuciyarka ta bi tseren, zaɓi doki a da'ira da idonka, ka yi masa alama da biro a littafinka, ka ga ko idonka ya yi gaskiya. Giya ma tana yawa a manyan ranaku, musamman daga tsere na huɗu zuwa sama, wanda wannan wani dalili ne na fifita tsakiyar mako. Wasu filayen na keɓe sashen iyali, sai ka tambaya. Wanda ba ya son kusantar caca sam, a Meydan na Dubai da filin Sarki Abdul'aziz na Riyad ba a yin ta, sai dai su ba tsofaffi ba ne, Meydan a 2010 aka buɗe shi.

In da yara za ka, duba doka tukuna. A yawancin ranakun tsere a Birtaniya 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga tare da babba, amma a Happy Valley ba a barin su shiga. Kuma ka sani doki kan ji rauni, musamman a tseren tsallake shinge. In ka ga an kewaye wani wuri da labule a cikin fili, likitocin dabbobi ne ke aiki, wani lokaci kuma dokin ba ya tashi. Masu shirya Grand National sun rage yawan dawakin da ke shiga daga 40 zuwa 34 a 2024 saboda irin wannan. Gara ka shirya wa yaro amsa tun daga gida.

Hoto don kanka ba laifi, amma ban da walƙiya, ban da ɗaga waya a kan sanda kusa da dawaki, ban da jingina kan shinge ko zura hannu ta cikinsa lokacin da suke tahowa. Filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, ka tafi da kati.

Wajen komawa, jirgin ƙasa ya fi mota a kusan duk waɗannan wurare. Ascot tafiyar kusan sa'a ɗaya ce daga tashar Waterloo a Landan, Epsom na da tasha daf da kwanar Tattenham, ta Aintree tana tsallaken titi da filin, Flemington kuma na da tasharsa da ke aiki ranakun taro. Kowa a lokaci ɗaya yake fita, saboda haka ko dai ka kalli tseren ƙarshe daga kusa da ƙofa ka riga taron, ko ka zauna rabin sa'a bayansa har layin tasha ya ragu. In ka zaɓi zama, duba lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, musamman a ƙananan garuruwa irin Newmarket inda jiragen ba su da yawa.